Ruwan Harra Ba Ya Jiran Mai Saƙo

Yayana ne ya koya mini iyo, kuma koyarwar mugunta ya yi mini. A bayan garinmu akwai rafi da yake sauka daga kan duwatsu ya taru a wani gurbi mai zurfi. Nan ya ɗauke ni cak ina ɗan shekara bakwai ya wurga ni tsakiya, ya tsaya a kan dutse yana dariya ina shan ruwa. Sai da ya ga abin ya wuce wasa sannan ya faɗo ya tallabo ni. Daga ranar har ya bar gida, duk damina tare muke a ruwan nan. Ya girme ni da shekara tara, amma a cikin ruwa babu yaya babu ƙane, ya danna kaina ƙasa in danna nasa.

Shi ya riga ni zuwa Madina. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana wanki da guga a ƙarƙashin wani otal kusa da Harami, ni kuma na biyo shi daga baya na kama gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani. Gari ɗaya muke, amma ranar hutunsa daban tawa daban. In mun haɗu, to a cikin mutane ne: suna, ɗaurin aure, jana'iza, ko ɗakinsa na unguwar Ƙurban wanda ban taɓa shiga na tarar da ƙasa da mutum biyar ba. Yaya na kowa ne. Wanda iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ta ƙare wurinsa zai zo, wanda ya yi faɗa da matarsa ta waya wurinsa zai zo. Ni ƙanensa ciki ɗaya, shekara goma sha ɗaya na yi a garin ban samu wuni guda da shi mu biyu ba, kuma abin yana cina ko da yake ban taɓa faɗa ba.

Sai otal ɗin ya ƙi sabunta masa kwantiragi. Aka buga masa abin da a nan ake kira huruj niha'i, wato fita ba dawowa. Saura kwana tara jirginsa ya tashi aka yi ruwan sama mai ƙarfi a arewacin Madina, irin wanda sai a shekara biyu ba a ga kamarsa ba.

Akwai abokin aikina, Bahaushe ne haifaffen nan, kakanninsa da ƙafa suka zo aikin Hajji suka zauna. Shi mutumin daji ne, duk hutu yana cikin duwatsu da motarsa. Ranar Talata ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa: wani kwazazzabo a cikin harra, baƙaƙen duwatsun nan da suka shimfiɗu tsakanin Madina da Khaibar, ga ruwa fari fat yana zubowa daga sama yana faɗawa cikin tafki, samari suna tsalle a ciki. Ban san lokacin da na karɓe wayar ba. Wallahi gurbin garinmu na gani.

"Shallal ɗin nan ba ya daɗewa fa," in ji shi, rabi da Hausa rabi da Larabci kamar yadda ya saba. "Ruwan harra kwana uku ne, huɗu in ya yi mutunci. Ga mabuɗin mota, ga taswira na turo maka. Ka tashi bayan Asuba ranar Alhamis, kafin hantsi kana ciki. Kwazazzabo ne da farko, sai shallal, sai wani tafki a samansa. Kada ka tsaya ko'ina."

Na roƙi hutun kwana biyu, na samu da ƙyar. Na shiga kasuwa na sayi nama da gawayi da burodi, na sayi gajeren wando biyu da tawul biyu sababbi fil a ledarsu, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Ina ta zumuɗi kamar ango. Na kira Yaya na ce ya shirya, zan kai shi ya ga ruwa mu yi iyo kafin ya tafi, mu biyu kawai. Ya yi dariya ya ce, "Autan Inna, har yanzu kana son ramuwa ke nan." Sannan ya tambaye ni wace hanya ce. Nan na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce hanyar Khaibar.

Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Madina ya san ba a ambaton tafiya a gabansu. Mota ba ta fita garin nan da mutum kawai, sai da saƙo. Wannan yana da ɗan'uwa a gonar dabino, wancan yana da suruki, wata tana da ƙanen miji. Kuma saƙo ba a ƙinsa, wanda ya ƙi ɗauka ya shiga bakin duniya har jikokinsa.

Da na iso ƙofar ɗakinsa bayan Asuba, na tarar da jakunkunan bakko guda huɗu a jere, da bargo a ɗaure, da galan na man gyaɗa. Daddawa tana ta tashi. Yaya yana tsaye da farar jallabiya da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Yaya, mene ne wannan?"

"'Yan saƙonni ne, ba yawa. Tunda hanya ce."

"Ba Khaibar za mu ba fa. Kafin Khaibar za mu ratse."

"To ai kusa ne. Buɗe bayan motar. Kuma mu biya ta unguwar Harra ta Yamma, Hajiya tana jiranmu."

Hajiya tsohuwa ce haifaffiyar Madina, a gidanta Yaya ya sauka farkon zuwansa, ita ta riƙe shi wata uku kafin ya samu ɗaki. Na ce to, minti biyar. Ni ma da na faɗa na san ƙarya nake yi wa kaina. Muna shiga aka shimfiɗa darduma, aka kawo gahawa da dabino, aka ce waina tana kan wuta. Na ce mun karya. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ya waladi, a gidana ake cewa an karya? Zauna, istiriha, ka huta." Na zauna ina kallon agogo. Rana ta fito ta hau katanga ina gani.

Saƙonta keken guragu ne, za a kai wa ƙanenta a Khaibar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Wa zai buɗe baki ya ce ba zai kai wa mara lafiya keke ba saboda yana sauri ya je wanka? Na haɗiye maganata na naɗe keken na cusa a mota. Da muka zo tafiya Yaya ya durƙusa a gabanta ya ce, "Hajiya, zama ya ƙare. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe ni." Ta fashe da kuka, shi ma ya share ido. Aka sake zama. A lokacin na gane cewa tafiyata ta ruwa ta zama tafiyar sallamarsa, kuma ba wanda ya yi shawara da ni.

Hantsi ya dubi ludayi kafin mu bar gari. Hanya ta miƙe, baƙin dutse dama da hagu har iyakar gani, ba bishiya sai 'yan ƙayoyi. A gefen titi akwai ruwan da ya kwanta, kuma kowane kududdufi da zoben danshi a kewaye da shi, alamar inda ruwan ya kai jiya. Ina tuƙi ina kallon zobban nan, zuciyata tana tafasa. Yaya kuwa waya yake amsawa, ɗaya bayan ɗaya. "Eh, muna hanya. In sha Allahu zai isa hannunsa."

Muka zo mararrabar. Ga sawun tayoyi nan sun sauka daga kwalta sun nufi cikin duwatsu, har da wasu motoci biyu da suka ratse a gabanmu da tabarmi a ɗaure a sama. Na rage gudu na sa sigina.

"Ina za ka?" in ji Yaya.

"Nan ne hanyar. Mu je mu yi awa biyu, mu fito mu kai saƙon. Daddawa ba ta ruɓewa."

"Da amanar mutane a mota za mu tafi wasan ruwa? In motar ta maƙale a dutse fa? In wani abu ya same mu, a ce an tsinci keken bawan Allah a bakin tafki? A'a. A sauke nauyi tukuna. Ruwa ba gudu zai yi ba."

"Gudu zai yi, Yaya! Shi ne abin da nake faɗa maka tun shekaranjiya!"

"Gaggawa aikin Shaiɗan ce. Wuce mu je."

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya shaide ni, amma ban taɓa ƙetare maganar Yaya ba tun ina yaro. Na kashe sigina na wuce. Na kalli mararrabar ta madubi har ta ɓace.

A Khaibar kuwa, wanda bai san al'ada ba zai ɗauka saƙo abin miƙawa ne a bakin ƙofa a juya. Ba haka ba ne. Sai an shiga, an gaisa, an tambayi mutanen Madina ɗaya ɗaya, an faɗi wanda ya aiko da abin da ya ce a faɗa. Ƙanen Hajiya yana kwance a tsakar gida, bakinsa a karkace. Muka ɗora shi a keken, Yaya ya tura shi ya zagaya da shi gidan sau biyu, tsohon yana dariya da rabin fuska. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya taɓa ni. Amma ana cikin haka aka kira Azahar, bayan salla aka ce shinkafa ta kusa, shinkafa kuwa ba ta sauka ba sai dab da La'asar. Yaya ya leƙo ya raɗa mini cewa bai kamata mu ci abincin mara lafiya mu tafi hannu rabbana ba, in ɗauko naman nan na mota. Naman da na saya don mu gasa a bakin ruwa, shi na miƙa wa matar gidan da hannuna ina murmushin dole. Sannan aka durƙusa aka nemi yafiya, kalma ɗaya ba ta canza ba daga ta safe.

Saura jakunkunan nan huɗu, kuma na mutanen gonakin dabino ne a bayan gari. Na lissafa a raina, in muka sauke su da sauri za mu iya kama ruwan kafin Magariba. Muna isa gonar farko na ga abin da ya kashe mini jiki: akuya a rataye a reshe, ana fiɗa. Mai kula da gonar, wani mutumin Nijar ne dogo, tsohon abokin Yaya, ya taho da wuƙa a hannu yana washe baki.

"Marhaba da manyan baƙi! Tun da munka ji kuna tahe na ce wallahi sai an zub da jini. Yau nan za ku kwana, babu inda za ku."

Na ce, "Malam, muna da uzuri, akwai inda za mu."

"Wane uzuri ya hi wanga? Mutum za shi gida ba dawowa, a bar shi ya wuce da ruwan sanyi? Kai dai ƙane ne, zamna."

An yanka dabba saboda kai, ba ka da bakin magana. Na koma gindin dabino na zauna ni kaɗai, ina jin rana tana faɗuwa a bayana. Na buɗe waya, abokin aikina ya turo saƙo: kun shiga? Na mayar da wayar aljihu.

Da safe na tashi na ɗaure kaya tun kafin a idar da lazimi. Ashe labari ya zaga gonaki cewa ga mai tafiya gida. Sai ga mutane suna ɓullowa ta tsakanin itatuwa, wani a keke wani a ƙafa, kowa da ƙullinsa. Wannan dabino ne a kai wa uwarsa, wannan turare ne na matarsa, wannan Alƙur'ani ne na ɗansa da ya yi sauka. Wasu garuruwansu ma a ƙetaren iyaka suke, Yaya yana cewa ai duk gida ne. Yana karɓa yana rubuta suna a jikin leda, yana neman yafiyar mutanen da wasunsu ranar ya fara ganinsu. Motar da na zo da ita don in sauke kaya ta fi jiya cika. Kafin a gama rana ta take, kuma Juma'a ce, ba mai barin masallaci a gabansa ya shiga daji.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne wajen sallama. Yaya ya laluba aljihu bai samu abin da zai ba mai kula da gonar tukwicin akuyarsa ba. Ya buɗe jakata ba tare da ya tambaye ni ba, ya zaro koren tawul ɗin, nasa, yana cikin ledarsa, ya haɗa da turaren aljihunsa ya miƙa masa. Mutumin yana godiya, ni kuwa na shige mota na ja ƙofa da ƙarfi.

Muka kamo hanya har mararraba. Muka sauka daga kwalta bayan La'asar. Motoci suna fitowa, mu kaɗai ne masu shiga. Hanyar duk dutse ce mai kaifi, mota tana tangaɗi, ƙullin mutane yana faɗowa a kanmu. Muka yi kusan awa guda kafin ƙasa ta tsage a gabanmu, muka ajiye mota muka gangara da ƙafa. Na ɗauki shuɗin tawul ɗina na riƙe a hannu.

Kwazazzabon yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Bango biyu na baƙin dutse sun tashi sama har sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi, tsakaninsu sanyi da shiru, muryarka tana dawo maka. Amma a jikin bangon, daidai kafaɗata, ga layin laka da ciyayi da ruwa ya bari. A ƙasa kuwa taɓo ne ya fara tsagewa, da sawun ƙafafun mutane, da tokar inda suka gasa namansu. Muka bi ta ciki muka zagaya wani lungu, sai ga wurin da na gani a waya. Na gane shi sarai. Dutsen nan ne, tsayin nan ne. Abin da ya rage wani baƙin danshi ne daga sama zuwa ƙasa, da ɗigo ɗaya ɗaya. Tafkin da samari suke tsalle a ciki ya koma laka da kashin raƙuma.

Wani makiyayi Basudane yana zaune a kan dutse da awakinsa. Na tambaye shi da Larabci yaushe ruwan ya tsaya. Ya ce jiya war haka mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda ƙara. Yau da hantsi ma yana zuba kaɗan kaɗan. Ya ce da mun yi sammako. Ya nuna mana wata 'yar hanya ta gefe, ya ce a sama akwai sauran ruwa a cikin dutse.

Muka hau. Yaya yana haki, gwiwoyinsa sun gaji da tsayuwar guga, amma ban tsaya jiransa ba. A saman akwai wani kwarmi a inuwa, faɗinsa bai fi ɗaki ba. Ruwan garau yake, ana ganin tsakuwar ƙasa, sai dai bai wuce gwiwa ba.

Yaya ya iso ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ga ruwa." Ya cire hula da takalmi, ya tuɓe jallabiya ya ninke, ya shiga da dogon wandonsa da singileti. Ya yi ƙara saboda sanyi, sannan ya zauna daɓas a ciki, ruwan ya kawo masa ƙirji. Rabona da ganin kafaɗunsa tun muna gida. Sun rame, furfura ta fito masa har a ƙirji. Ya ɗebo ruwa da hannu biyu ya watso mini.

"Shigo mana, autan Inna. Zo ka rama."

Ina tsaye a kan dutse. Na ce, "A wannan zan yi iyo? Kwana biyu na roƙa, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ban roƙe ka komai ba sai kwana biyun nan. Ka raba wa kowa, har wanda ba ka sani ba ya samu. Ni ka kawo ni in ga laka."

Ya kalli ruwan. Can ya ce, "Su ba zan sake ganinsu ba. Kai kuwa nawa ne, za ka zo gida." Ya ɗago kai. "To shi ke nan. Zama ya ƙare. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe ni."

Kalmomin da ya faɗa wa Hajiya ne, da mara lafiya, da mai akuya, da baƙin gona. Ko ɗaya bai ƙara mini ba. Wannan ya fi bushewar ruwan ƙona mini rai. Na ce, "Allah ya yafe mana," a bakin leɓe, na juya ina kallon bango.

Ya zauna a ruwan nan kusan kwata na awa. Ina jin motsinsa a bayana, yana kwanciya yana tashi, yana wasa da ƙafa shi kaɗai. Sau biyu ya sake kirana. Babu waya, don ba sabis a wurin. Babu baƙo, babu mai saƙo, ba kowa sai ni da shi da ruwa. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina nema ke nan, kuma ina tsaye a kan dutse na ba shi baya. A lokacin ban ga haka ba, fushi ya rufe mini ido.

Da rana ta sauka ya fito yana rawar sanyi, iska tana kaɗawa ta cikin kwazazzabon. Ya duba hagu ya duba dama, sannan ya tuna inda tawul ɗinsa ya tafi. Ya kalli wanda ke hannuna. Ban miƙa masa ba. Na bar shi ya goge jikinsa da hularsa, ya zura jallabiya a kan jiƙaƙƙen wando, muka gangara.

Ranar Alhamis ta gaba na kai shi filin jirgi, tare da mutum goma sha wani abu da suka zo rakiya. Ko a can ban samu keɓewa da shi ba.

Shekara huɗu ke nan, ban je gida ba. Kullum da abin da zai hana, yau hutu bai fito ba, gobe takarda. Muna waya, muna gaisawa lafiya lau, bai taɓa tayar da maganar ba. Har yanzu in na tuna mararrabar nan raina yana ɓaci, kuma har yanzu ina ganin da ya saurare ni da mun yi iyonmu. Bara da aka yi ruwa ya turo mini saƙon murya, ya ce ya ji an yi ruwa a Madina, in zan je wurin nan namu in biya ta wurin Hajiya ko tana da saƙo. Wurin nan namu, haka ya ce. Na saurara sau uku.

Ban je ba. Shuɗin tawul ɗin yana ƙasan akwatina, ban fasa ledarsa ba.